Kifayen Kwali

A tsibirin Chiloé ruwan sama ba ya sallama,
shigowa yake kawai, ya zauna wata huɗu.
Gidanmu na tsaye kan gungume goma sha biyu,
teku ta shigo ƙarƙashinmu da safe, ta fice da yamma
kamar mai bin bashi.

Ɗana Amaro, ɗan shekara bakwai,
ya fi son ƙirga kwale-kwale ta taga
da ya buɗe littafi.
In na miƙa masa, sai ciki ya murɗa,
sai ƙishirwa, sai fitsari,
sai kyanwa ta ɓata, dole a nemo ta.

Lallashi ya ƙare, faɗa bai haifi komai ba.
Wata Talata na sauko da tsohuwar komar babana,
wadda ta bar aiki ranar da ya bari,
na kafa ta a bango, gefen murhun itace.
Na yanka kwalin takalmi, kifi ya fito,
idonsa maɓallin riga, jelarsa ulun tunkiya.
Na ce, "Littafi ɗaya, kifi ɗaya.
Kai za ka yanka, kai za ka shafa launi,
ka rubuta sunan littafin a cikinsa.
Kifi biyar, wainar dankali da zuma.
Kifi goma, kakanka ya fita da kai teku."

Ya dube ni duban ɗan kasuwa.
"Ƙaramin littafi ma kifi ne?"
Na ce kifi ne.
Ya kwaso masu shafi takwas,
waɗanda hoto ya cinye rubutunsu.
Na haɗiye magana. Da babu gara ba daɗi.

Wani jan kifi ya kwana a koma,
babu littafin da ya haife shi.
Na ce, "Ba ni labarin da ke cikinsa."
Ya sosa ƙeya, ya kama nan, ya saki can,
da hannunsa ya cire shi, ya ba wuta.

Sai aka aro mana wani mai kauri,
labarin yarinya da karenta sun ɓata a kan dutse.
Dare uku fitila tana ci a ɗakinsa.
Waina ta huce a faranti,
almakashi ya kwana inda na ajiye shi.
Da ya gama bai tambayi kifi ba,
tambaya ya yi ko karen zai rayu bayan shafin ƙarshe.

Babana Eleodoro yana kusurwarsa kullum,
yana ɗinke abin da bai yage ba, kunnensa a wajen yaro.
Amaro ya kai masa littafin:
"Kaka, karanta min nan, kalmar ta yi tsawo."
Tsoho ya laluba aljihu. "Tabarau ya ɓata."
Ga tabarau a goshinsa.

Ni na sani tun ina yarinya.
Mutumin da ke karanta gajimare,
ya san hadari tun yana jariri a bakin teku,
bai taɓa gane sunansa a takarda ba.

Yaro bai ce uffan ba.
Ya ɗauko almakashi, ya yanko kifi babba,
ya shafa masa kore, ya ɗora a gwiwar kakansa.
"Harafi ɗaya, kifi ɗaya.
Kifi biyar, Mama za ta soya maka waina."

Yanzu koma ta rabu biyu.
Dama ta jika ce, ashirin da uku,
hagu ta kaka, shida, ɗaya a karkace.
Ba su fita tekun ba tukuna, iska ta hana.
Jiya da asuba na tarar da tsoho a taga,
tururin buta ya rufe gilashi,
yana jan layi da yatsa, tsaye ɗaya, kwance uku,
farkon sunansa.
Ya ji motsina, bai waiwayo ba, ya ce,
"Ximena, ina bin ki waina."